Littafin Suna a Meri

Jama'a, yau littafina na ajami ya yi aiki a meri, wato ofishin magajin gari!

Shekarar da ruwa ya ci Zongo, maƙwabcina Alhaji Isa ya fitar min da shi a ka. Ciki nake rubuta duk jaririn da na raɗa wa suna.

'Yarsa Rabi na neman takardar haihuwa, in babu, ba jarrabawa. Na raka su meri da littafina. Ma'aikaciyar wurin ta ce, "Ba ta cikin kwamfuta, ba mu gama shigar da tsofaffin rajistoci ba. Yaushe aka haife ta?"

Alhaji ya manta!

Na karanto ranar sunanta daga littafin, muka koma baya kwana bakwai. Ta jawo rajista. Ga Rabi!

Na ce, "Alhamdu lillahi. Alhaji, yau littafi ya biya ka dakonsa."