Taurin Munduwar Kaka

Munduwar azurfar da ke hannuna ta kakata ce, wadda ta taso za ta Makka, zama ya kama ta a unguwar Gardole. Daga ita sai Inna, daga Inna sai ni. Bakinta a buɗe yake, a ɗan ware ta a sa hannu, sannan a matse. Bara ta ƙi matsuwa, ta yi tauri kamar ƙusa. Raina ya ɓaci, na ce ashe jabu muke ta riritawa.

'Yata mai karatun kimiyya a jami'ar Toukra ta kwaso lemon tsami, ta jera sahu bisa sahu. Ta ce, "Mama, haka ƙwayoyin azurfa suke a jere, ido ba ya ganinsu. In kin lanƙwasa ta, sahu ne ke zamewa a kan sahu, shi ya sa ba ta karyewa. Amma kowace lanƙwasa tana barin 'yar harɗewa a ciki, su suka taru suka tare hanya. In maƙeri ya gasa ta, duk za su warware, ta yi laushi."

Na daɗe ina jujjuya munduwar. Ikon Allah! Wato duk safiyar da Kaka ta matse ta, duk ranar da Inna ta cire ta za ta yi wanki, suna nan a ciki, ba wadda ta ɓace.

Yarinyar ta ce mu je wurin maƙeri. Na ce ba mai sa mini ita a wuta.