Yagaggiyar Taguwar da Aka Sa wa Mahaifina

Ɗan ƙanen mahaifina mai zane ne, yana kuma sassaƙa. Yanzu sai ka ji ana ta yabonsa a rediyo, wai shi ya ɗaga sunan Wudil. To, madalla. Ni dai na san shi tun yana zana zaki a bayan manyan motoci, zakin da sai ka rantse kare ne ya sha duka. Da ya je karatu Zariya, sai ya dawo da uban gashi da wata malafa, ya shiga bin ƙauyukan Lajawa da Darki yana tsintar karyayyun garemani, yana haɗa su da walda, Turawa na saye. Wannan bai dame ni ba.

Mahaifina dillalin shanu ne a kara, kasuwar shanu ta Wudil. Ko ƙofar gida ba ya fita ba hula. Ran Juma'a, ranar kasuwa, babbar riga yake sawa wadda ta sha bugu, ya shafa turare, don a ganinsa babu mai miƙa igiyar bijiminsa ga mutum wujiga-wujiga.

Wata rana gogan naka ya zo ya durƙusa. "Baffa, so nake in zana ka, duniya ta san ka." Tsoho ya ji daɗi, ya shiga ɗaki ya fito cikin shadda.

"A'a Baffa, wannan ta cika ƙyalli, za ta ɓata aikin."

Sai ya zaro wata yagaggiyar taguwa daga jakarsa, ashe da shirinsa ya zo. Ya cire masa hula, ya zaunar da shi a gindin rusasshiyar katangar maƙwabta. Na ga fuskar mahaifina ta canja, amma kara ta hana shi musawa. "To ɗana, kai ka san aikinka," in ji shi.

Zanen ya yi kyau, abin haushin ke nan. Har tabon goshinsa ya fito. Ya sa masa suna Yunwa, aka rataye shi a Legas, daga can ƙasar waje, daga nan ya shiga wayoyin mutane. Abokan dillancinsa suka riƙa nuna wa juna, suna tsokanarsa: "Alhaji, a kawo tsaba ne?" A can yana dariya, a gida ko tuwo ba ya ci sosai. Daga baya ya daina zuwa kasuwar, wai ƙafa ke ciwo. Ƙafarsa lafiyarta lau.

Da ya rasu, mai zanen ya zo gaisuwa da baƙin tabarau, yana gaya wa mutane wai ya dawwamar da Baffa. Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Na ƙyale shi ne kawai don kada a yi abin kunya a zaman makoki.

Bara 'yata ta dawo daga makaranta, malaminsu ya nuna musu zanen, ya ce ɗan garinmu ne ya yi. Bayan rasuwar kakanta aka haife ta, ba ta san fuskarsa ba. Ta ce, "Abba, tsohon nan ya ba ni tausayi. Ba shi da 'ya'yan da za su saya masa riga ne?"