Gwaggo Binta Ba Firji Take Gyarawa Ba

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba tun ranar da labarin rasuwar Gwaggo Binta ya iso gidanmu. Muna tsakar gida muna sussukar masara wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya zauna a kan buhu, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Binta ta cika." Ƙanwarsa ce. A can ƙasar wajen da take aiki ciwo ya kama ta, a can aka yi mata sutura. Abin da na yi shiru a kai shi ne, duk gidan nan ni kaɗai na san aikin da take yi.

A zaman makoki wata baƙuwa daga Kafur ta tambayi wane aiki take yi. Matar Kawu ta ce, "An ce dai aikin sanyi ne. Ina jin firji take gyarawa." Sai Hajiya, kakata wadda ta haife ta, ta ce a hankali, "Firji. Duk firjin da ke Malumfashi bai ishe ta ba, sai da ta bar ni shekara da shekaru?" Ina bakin ƙofa riƙe da buta. Na ajiye ta na fice.

Gwaggo ba ta da girman kai. Idan ta zo gida takan ɗaura zanen Inna ta bi mu gona, ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsofaffi. Malama Shiru take ce mini, amma ba ta taɓa yi mini dariya a gaban mutane ba. Takan ce, "Mai kunya ma yana da tambaya, sai dai a jira shi." Ita kuwa tana jira.

Zuwanta na ƙarshe, bayan na gama firamare, ta sa na taɓa jikin janaretan Baba da aka kashe. Na janye hannu.

"Da zafi ko, Malama Shiru? Wannan zafin ƙarfi ne ya zube a hanya. Akwai wata irin waya da in ta yi sanyi matuƙa, wutar lantarki na ratsa ta babu cikas."

Na ce, "Kamar sanyin ƙanƙara?"

"Ƙanƙara ai ruwan wanka ce a wurinsa. Sanyi ne da iskar da kike shaƙa ma sai ta koma ruwa."

Ta ce da irin wayar ita da abokan aikinta suke son haɗa janareta ƙarami marar nauyi, mai ƙarfin juya fankokin jirgin sama, don jirgi ya rage shan mai da hayaƙi. "Jirgi kamar jaki ne, in kika cika masa kaya sai ya ƙi tashi." Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce nasu bai tashi ba tukuna, wataƙila ma ba za ta gani ba. "Mai dashen mangwaro ba don bakinsa yake yi ba," in ji ta.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo Binta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta a ƙasar da ba mu san hanyarta ba. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri, Ka sanyaya zuciyar Hajiya.

Tun ranar zaman makokin nan Hajiya ba ta sake ambaton sunanta ba, kuma ba zan bari ta ci gaba da zaton a banza 'yarta ta yi nisa ba. Gobe idan na kai mata koko ba zan ajiye in fice ba yadda na saba. Zan zauna a gefen tabarmarta in yi mata bayani. In ba ta gane ba, jibi in sake.