Zobe na Sittin da Ɗaya

Odell Pruitt, maƙwabcinmu na gidan da ke kallon coci, mutum ne da in ka ba shi farantin wake sai ya ƙirga ƙwayoyin kafin ya kai baki. Matarsa Verlene ta ce ranar aurensu ta ga leɓensa na motsi, ta zaci addu'a yake, ashe maɓallan rigarta yake ƙirgawa. Facin taya yake yi a garejin bakin titin jirgi, amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ambaci taya ba. Sai ya gyara hula ya ce, "Ni ɗan sarƙa ne."

Kwana uku bayan kowace Kirsimeti ake buga Kofin Katako na ƙwallon Amurka a garinmu, a nan arewacin Louisiana. Jami'o'i biyu da suka taɓuka abin kirki a kakar ƙwallo su ake gayyata su kara. A gefen fili akwai mutum uku da sarƙa mai tsawon yadi goma, da sanda a kowane bakinta. Ƙungiya tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goman nan da ƙwallo a hannu, in ta gaza sai ƙwallo ya koma wa abokan karawa. Mutum biyu ke riƙe sanduna. Odell ko sandar bai samu ba. Nasa shi ne ya durƙusa ya maƙala wani ɗan matsi kamar na shanya a zoben da ya faɗa kan farin layi, don in sarƙa ta goce a san inda za a mayar da ita. Shekara ashirin da shida yana wannan durƙuson, kuma ba ya maƙalawa sai ya bi zobban da babban yatsa tun daga sandar baya.

"Baba Odell, yau ma shanyar za a je?" in ji Purvis mai aski duk ranar wasa.

"Kai dai riƙe almakashinka, ka bar manya da aikin manya."

Akwai abu ɗaya da Odell ke so fiye da sarƙa: Jami'ar Harlan Ridge, masu koren kaya. Bai taɓa zama a ajinsu ba, firamare ma da ƙyar, irinmu. Mahaifinsa ne ya yi shekara talatin yana yanke ciyawar filinsu. Tutarsu na rataye a barandarsa, a-kori-kurarsa koriya, karensa ma koren ƙyalle ne a wuyansa. Duk layinmu haka muke, sai dai shi nasa ya yi yawa. Kuma Harlan ba ta taɓa ɗaga kofi ba tun da aka kafa ta.

A 1988 aka gayyato su, za su kara da Jami'ar Bexley masu jan kaya. Dokar 'yan sarƙa ita ce ba tafi, ba ihu, ba launin kowa a jikinka. Da safe Verlene ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗaga wandon nan in gani."

"Haba Verlene, zan makara."

"Ɗaga, na ce."

Koriyar safa ce. Ya zauna ya cire, ya sa baƙa, ya cusa koriyar a aljihun mota yana gunaguni.

Wanda bai taɓa tsayawa a filin nan ranar kofi ba, ba zai gane ba. Mutum dubu hamsin, rabi ja rabi kore, kamar an raba duniya da wuƙa. Makaɗa ɗari uku na kowace jami'a, ƙahonin tagulla na walƙiya a ranar hunturu, ganga na dukan ƙirjinka kafin ta isa kunnenka. Hayaƙin gasasshen haƙarƙari ya rufe wajen ajiye motoci. Odell ya ce lokacin da yaran Harlan suka fito a guje daga ƙofar ƙarƙashin benaye, sai da ƙasa ta motsa a tafin ƙafarsa. Ya cije leɓe, ya kalli sarƙarsa.

Saura minti ɗaya a tashi, Bexley na gaba da maki huɗu. Harlan na riƙe da ƙwallo, sun yi yunƙuri uku, saura na ƙarshe. Yaronsu ya karɓa ya nufo gefe, ƙarti uku suka biyo shi, duka suka afko kan 'yan sarƙa. Masu sanduna suka watsar suka ruga, don haka aka koya musu. Odell bai kai ga gudu ba, aka yi awon gaba da shi. Da ya miƙe, hula can, tabarau can, sarƙa ta nannaɗe kamar igiyar guga. Ɗan matsin kuwa ga shi kan ciyawa, ya fita daga zobensa.

Alƙalin wasa ya ajiye ƙwallo inda yaron ya fita. Ko makaho ya san maganar ta yatsa ɗaya ce. Ya ɗauki matsin, ya juyo.

"Dattijo, a wane zobe yake?"

Babu na'urar da za a sake kallo a wancan zamani. Mutum dubu hamsin suka yi tsit, har kana jin tuta na kaɗawa a saman bene, duk suna kallon mai facin taya da jini a haɓarsa. Odell ya san lissafin sarai. In ya ce sittin da biyu, sarƙa za ta ja baya da zobe ɗaya, Harlan ta samu sababbin yunƙuri huɗu a bakin gidan Bexley. Babu mai ƙaryata shi a duniya. Ya hango koren ɓangaren, inda duk layinmu ke zaune.

"Sittin da ɗaya, yallaɓai."

"Ka tabbata?"

"Na ƙirga sau biyu."

Aka maƙala, aka ɗora kan layi, aka ja sarƙa ta miƙe. Sanda ta sauka gaban hancin ƙwallo, Harlan ba ta cika yadi goman ba. Alƙali ya durƙusa ya leƙa, sannan ya ɗaga yatsu biyu da ɗan tsakanin da ko zobe ɗaya bai kai ba. Jan ɓangaren ya fashe da ihu. Odell ya tsinci hularsa, ya kakkaɓe, ya sake durƙusawa ya maƙala wa Bexley nasu.

Shi bai gaya wa kowa ba. Alcide mai sandar gaba ne ya kai labarin shagon aski washegari. Da Odell ya shigo babu wanda ya matsa masa a benci.

"Zobe ɗaya, Odell," in ji Purvis. "Ɗaya tak. Kai da tutarsu ke rataye a barandarka."

"Sittin da ɗaya ne."

"To wa ya sani?"

"Babana shekara talatin yana yanke musu ciyawa, bai taɓa barin layi ya karkace ba. A kaina za a fara?"

Purvis ya daɗe yana wasa aska. Can ya karkaɗe kujera.

"Zo zauna, Malam Sittin da Ɗaya. Zan yi maka aski, amma kar ka ƙirga mini gashin."

Sunan ya bi shi har yau. Mun yi sati biyu muna fushi, muna kai tayoyinmu wani gareji, sai muka ga facin can ba ya kwana uku, muka dawo. Yanzu in gardama ta tashi a layi, ko kan iyakar shinge ko kan wanda tarwaɗarsa ta fi tsawo, sai ka ji an ce a kira Odell, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Verlene ce ta tona mana sauran. Ta ce ranar wasan, da ya dawo da la'asar, bai shiga gida ba. Ya zauna a baranda ƙarƙashin tutar, ya ciro koriyar safarsa ya sa, kuma farantin waken da ta kawo masa bai ƙirga ko ƙwaya ɗaya ba.