Dubiyar Malam Ɗahiru

Malam Ɗahiru mai ɗinkin babbar riga ya tsufa a zaure ɗaya cikin Birnin Zazzau, allura a hannu, gwiwa da gwiwa da abokan sana'a. Bakinsa da ƙarfi, ƙirjinsa ne rago. Murar bara ta kwantar da shi har likita ya ce in ta sake yi masa irin wannan kamu, sai dai addu'a.

Shi ya sa bana 'yarsa Su'ad, ma'aikaciyar jinya, ta kai shi aka yi masa rigakafin mura. Suna dawowa ya nufi zaure, ta tare ƙofa.

"Baba, da saura. Gawar ƙwayar cutar aka sa maka. Jikinka zai auna ta, ya ɗinka mata riga daidai wuyanta, irin wadda in ta shiga ba ta ƙara motsi, ya kuma riƙe awon a ka. Ran da mai rai ta zo, ya gane ta. Amma ɗinkin sai ya ci kusan mako biyu. Kafin nan ba zaure, ba cunkoso."

"Mako biyu? Wane irin malalacin tela ne wannan?"

"Irinka ne, Baba. Rigar Alhaji Bahago tun Sallar bara take hannunka."

Ya shige ɗaki yana gunaguni, ita kuma ta koma gidanta a Tudun Jukun. Abu ɗaya ta manta: a lungunmu, dattijo ya kwana biyu ba a gan shi a sahu ba, to ba lafiya. Sai dubiya ta ɓarke. Liman ya zo da tarinsa, Bahago da atishawarsa, mu ma muka cika ɗakin maƙil, kowa sai ya riƙe hannunsa.

"Jama'a, lafiyata ƙalau!"

"Dauriya ce," in ji Liman. "Matso in tofa maka addu'a."

In ya nace, a tambaye shi me ya hana shi jam'i. Korar mai dubiya kuwa, ba a taɓa yi ba a gidansu. Sai ya miƙa goshi.

Telan cikin jikinsa ko wuya bai kai ba mura ta shigo. Yanzu yana kwance da gaske, ƙirji na kuka kamar tsohon ƙyaure, ido a kan labule. Ba wanda ya leƙo. Ai an riga an duba shi.