Mutumin da Ba Ya Sallamar Kowa

Ba likita ba ne, amma tun ranar da wata tsohuwa ta kira shi Dakta bai gyara wa kowa ba. Mai ba da shawara ne a ƙaramin sashen masu damuwa da ke bayan asibiti, ɗaki uku da benci. Nasa ne mai fanka. Da sumarsa ya fara aikin, ya yi sanƙo a ciki, ba a taɓa jin ya ce wa wani "ka samu sauƙi, je ka" ba.

Mutum zai yi ta kewaye-kewaye, da zarar muryarsa ta fara rawa, zai faɗi abin da ya kawo shi, sai Dakta ya tafa. "Madalla! A nan za mu ɗora mako mai zuwa." Sababbi kuwa su yi ta ɗumama benci, a ce babu gurbi.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, sa'ar 'yarsa. Ta tara ma'aikata.

"Yawancin mutane sau ɗaya suke zuwa, ba sa dawowa," in ji ta. "To mu ɗauki kowane zama kamar shi ke nan. A tambayi mutum me ya fi damunsa yau, a yi aiki a kai, ya fita da abin yi. Mai son dawowa, ƙofa a buɗe take."

"'Yata, zuciya ba ƙurji ba ce da za a matse a tashi."

"Baba, ɗakin zai zama na zama ɗaya. In za ka iya, naka ne."

Wanda aka fara turo masa direban bas ne. Bai gama zama ba ya ce, "Tun da na yi hatsari, in na riƙe sitiyari hannuna rawa yake. Jibi zan koma aiki."

Dakta ya gyara tabarau. "Mu faro daga tushe. Yaya kakanka yake da mahaifinka?"

"Kakana? Ranka ya daɗe, ko keke bai taɓa hawa ba."

"Kana yaro, wa ke maka wanka?"

Direba ya dube shi, ya ɗauki hularsa, ya ƙwanƙwasa ɗakin da ke kusa.

Da shugaba ta ce wa Dakta ya kwashe kayansa daga ɗakin, sai ya yi dariya. Ai yana da mutane. Ya aika aka kira tsofaffin marasa lafiyarsa, su zo su nuna wa yarinyar nan ruwa ba sa'an kwando ba ne. Suka zo su huɗu, suka jeru gaban shugaba.

"Ku faɗa mata," ya ce, ya harɗe hannuwa. "In babu ni, ina za ku sa kanku?"

Suka kalli juna. Wani tela, wanda ya fi kowa daɗewa, ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Dakta, ni tun bara nake barcina lafiya. Nauyinka nake ji. Mutum ya ce ka dawo, ka ƙi?"

"Ni ma haka," in ji wata mai sayar da gwanjo. "Ranar nan 'yata ta ce in daina. Na ce a'a, bawan Allah nan ba shi da abokin hira." Ta juya ga shugaba. "'Yar nan, in kun ɗauke shi, don Allah ku sa shi inda akwai mutane. Ni dai ƙafata ta gaji."