Malam Sodangi, Likitan Idon Hawainiya

Idan kana da magana da Malam Sodangi da sassafe, to ka nemi wurin zama. In dai ba dabbarka ce ke shure-shuren mutuwa ba, ba zai dube ka ba sai ya sallami baƙinsa. Daga masallaci yake wucewa gindin zogalen da ke tsakar gidansa a Dingyaɗi, inda ya jera keji uku da ya haɗa da kara da tsohon gidan sauro. Ya tsoma tsintsiya a ruwa ya yayyafa wa ganyayen da ke ciki, don wai baƙin nasa ba sa shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke kan ganye. Ya ja kejin zuwa inda rana za ta fara sauka. Sannan ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa idanunsu. 'Ya'yan hawainiya ne, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai ya gama duk wannan yake hawa tsohon babur ɗinsa ya nufi asibitin dabbobi a Boɗinga, inda ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, har ƙarshen watan jiya da ya yi ritaya.

Ni Ɗanmalam, mai wannan rubutu, manomin karas ne a fadamar Dandin Mahe, kuma ina sahun gaba cikin masu yi wa mutumin nan dariya. Shekara takwas na yi ina yi masa ita, na ƙara wata takwas ina jin kunyarsa. Yau in 'yata Na'ima tana ganin hanyar makaranta, bayan Allah shi ne sila. Shi ya sa haushi ke cina in na ji har yanzu ana ce masa Na-Hawainiya a kasuwa ana ƙyalƙyatawa. Shi kansa haushi yake ba ni. Da na ce zan rubuta wani abu a kansa, cewa ya yi in ina da tawadar ɓarnatarwa in rubuta a kan masu ƙona daji.

A kasuwar Shagari muka haɗu. Na tara guntayen karas da suka karye wajen tono zan zubar, sai ga wani siririn mutum ya tsaya a kaina.

"Mai karas, waɗanga da kaka zubarwa ka ba ni su."

"Akuya gare ka?"

"A'a. Hwara nika kiwo."

Na ce fara dai da ake soyawa? Ya ce ita, amma ba shi ke ci ba, hawainiya ke ci. Na dube shi sama da ƙasa, ban ga alamar taɓin hankali ba, rigarsa ma a goge take. Shi kuwa ko a jikinsa, ya tsugunna yana tsinta yana yi mini karatu.

"Hawainiya da ijiya taka cin abinci. In ba ta gani ba, ba ta harba halshe, in ba ta harba ba yunwa ta kashe ta. Abin da hwara tac ci shi hawainiya ka samu. Ka ba hwara dussa, ka samu makauniyar hawainiya. Ka ba ta karas da zogale, ka samu mai gani."

Ranar har 'yan albasa na kira su zo su ji. Daga nan duk ranar kasuwa sai na ware masa guntayen, ba don Allah ba, don dai in samu abin dariya.

Daga baya na ji yadda abin ya faro. Wasu masu haƙa kwamin albasa, wato wurin shukarta a lambu, ne suka tono ƙwan hawainiya, za su murje su da ƙafa, ya karɓa ya binne a tukunya da yashi mai laima. Bayan watanni suka ƙyanƙyashe, goma sha tara. Ya riƙa ba su ƙananan farin da ya ciyar da dusa. Kafin wata biyu idanunsu suka kumbura suka manne, suka daina ci, suna faɗowa daga reshe. Uku suka rage. Da wani ne, da ya ce ai ƙwari ne, sun mutu sun huta. Shi sai ya tuna da maruƙan da ake haifa a ƙarshen rani, lokacin da babu ɗanyar ciyawa ko ta magani, yadda idanunsu ke zubar ruwa har sai an yi musu allurar bitamin A. Ya canza wa farar abinci. Waɗanda idonsu ya riga ya rufe kuma, ya tsoma kan tsinke cikin ruwan maganin ya shafa wa fara guda ya ba su, sau ɗaya a mako biyu, ba ya ƙarawa, don ya ce in ya yi yawa shi ma kisa yake yi. Ukun nan suka buɗe ido. Tun daga lokacin duk ƙwan da aka tono shi ake kai wa, kuma duk damina sai ya saki na shekarar a lambunan mutane su ci ƙwari.

Kada wani ya ɗauka aikinsa ke nan. Ku tambayi Fulanin da ke zagaye da Mandera wa ke bin su ruga-ruga da rigakafi cikin zafin bazara. Ku tambayi masu kiwon ragunan layya a Boɗinga sau nawa ya ce musu kada su sayi allurar da ba su buƙata. Amma mu mutanen nan, mutum ya ceci shanu dubu ba mu gani ba, sai hawainiya. Aka ce yana sayar wa bokaye. Alhali a idon jama'a ya kori wani mai magani da ya zo sayen busassu, har takalminsa mutumin ya bari a ƙofar gida. Aka ce to lalle shi ne bokan da kansa. Haka dai, ba a rasa abin faɗa ba.

To ga tawa. Shekara takwas da suka wuce, da bazara, ya zo lambuna duba inda zai saki hawainiyoyinsa in ruwa ya sauka. Na'ima tana da shekara huɗu, ta biyo ni. Hira ta ja mu har rana ta yi ja. Muka tashi tafiya, sai yarinyar ta yi karo da guga a fili, ta tashi tana laluben iska tana kirana, ga ni kuwa a gabanta. Na daka mata tsawa na ce ta daina sakarci. Malam Sodangi ya tsugunna ya ɗaga haɓarta, ya juya fuskarta wajen sauran hasken, ya daɗe yana kallo.

"Ɗanmalam, zo ka diba. Ka ga wanga hwarin abu kamar kumfa gefen ijiyatta? Ɗiyakka na da dundumi. Abin da yak kashe min hawainiya shi na. Gobe da sahe ka kai ta asibiti a ba ta jan kafso na bitamin A. Kuma ku riƙa ba ta karas da ƙwai da hanta."

'Yata ce za a haɗa da ƙadangarun daji? Na ce masa, "Malam, hawainiyakka ta kiyayi ramata. Likitan jakkai ba shi diba ɗiyan mutane." Ya ce to, amma dai in kai ta. Na ce ya hau babur ɗinsa tun da girma da arziki.

Abin takaici, mutumin da ya faɗa wa haka buhu-buhu yake loda karas zuwa Sakkwato. A gidana ba a cin karas, kayan kasuwa ne. Ƙwai ba a ba yaro, an ce yana koya masa sata. Hanta in an yi yanka ta maigida ce, wato ni. Ma'aikatan lafiya da ke bi gida-gida da kafson nan kuwa, sau biyu ina aika musu cewa maigida ba ya nan, ina zaune a ɗaki ina jin su. Farar Malam Sodangi ta fi 'yata cin abin da ido ke so, kuma daga lambuna ake kai mata.

Sau uku yana tare ni a kasuwa yana tambaya ko na kai ta. Na uku na daina ware masa guntayen.

Bayan mako bakwai ƙyanda ta shigo gari ta kama Na'ima. Tsofaffin gida suka yi abin da suka gada: aka rufe ta a ɗaki mai duhu, aka hana ta abinci mai maiƙo, ana zizara mata kwalli a ido. Kwana biyar idanunta suka manne, suna ruwa, in an buɗe ƙofa sai ta ƙwalla ƙara. Uwarta Zulaihatu ta daina cin abinci. Ni kuma ina zaure ina karɓar masu sannu kamar wani mai hankali.

Ana cikin haka, da azahar, na ji ƙarar babur ɗin nan da kowa ya sani. A kasuwa ya ji labari ya juyo. Ya yi sallama ya zauna ya ce ba inda za shi sai an fito da yarinyar. A lokacin girman kaina ya riga ya narke. Na kama hannunsa na ce ya taimake ni da maganin nan nasa na hawainiya, na san yana cikin jakarsa.

"Ba ni ba ta."

Na ce don Allah, don Annabi.

"Ba ni ba ta, Ɗanmalam. Awon dabba nis sani, ban san na ɗan Adam ba. In na ƙara ko na rage ni na cuce ta. Akwai masu aikin, tashi mu tahi gare su."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi. Magani na cikin jaka, yarinya na kuka a ɗaki, shi yana yi mini ƙa'ida. Amma ya fi ni taurin kai. Na naɗe ta da zanen uwarta na hau bayansa, ya kai mu asibiti. Ma'aikaciyar da muka tarar, Malama Kaltume, ta buɗe idon a hankali ta duba, ta yanke kan jan kafso ta matse mata a baki, ta wanke kwallin ta sa wani magani. Ta ce mu dawo gobe a ƙara, sannan bayan mako biyu. Tana rubutu ta tambaye ni, "Yaushe kunka lura ba ta gani in rana ta hwaɗi?" Na saci kallon Malam Sodangi ina jiran ya tona ni. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar jakarsa.

Kwana huɗu idon hagu ya buɗe tas, ta gane uwarta ta nemi fura. Na dama ya buɗe da hakiya a tsakiya, gyambon ya riga ya ci wurin. Mun je har Sakkwato, likitoci suka ce da an ba ta kafson kafin ƙyandar ta same ta, da wuya abin ya kai haka. Da wancan idon ba ta ganin komai sai haske da duhu.

Malam Sodangi, kai ne ka ga abin da uban yarinya bai gani ba. Kai ne aka zaga a gaban kwamin karas, ka dawo ka ɗauki mai zagin a babur ɗinka. Kai ne ka san iyakar saninka ka tsaya a kanta, ana roƙonka kana cewa a'a. Na Dingyaɗi gagara zolaya, mai tausayin abin da ba shi da mai shi. Abin da ya fi ƙona mini rai da kai shi ne, shekara takwas ke nan ko sau ɗaya ba ka ce mini "ban faɗa maka ba?" Da ka faɗa da na samu abin yin fushi na huta. Ranar kasuwar da ta biyo baya zuwa ka yi ka tsugunna ka ce a ba ka guntaye, kamar ba abin da ya faru. Wane irin mutum ne kai?

Na gode, Malam. Zulaihatu ta gode. Allah ya sa ka ci ritayarka lafiya, ya tsare maka naka idon, ya sa aikinka ya tarar da kai a mizani.

Ku kuma 'yan'uwana masu dariya, ku ci gaba in kun ga dama, amma ku ji wannan. In masu kafso sun zo, ku buɗe musu ƙofa. Abin da kuka noma ku ɗiba wa 'ya'yanku kafin ku ɗaure bakin buhu. In yaro ya fara karo da kaya da magariba, kada ku daka masa tsawa, ku kai shi a duba. Kuma in kun ga wani ya tsugunna yana kula da abin da kowa ya raina, in ba za ku taya shi ba ku bar shi, in ya yi magana ku saurara.

Saura abu ɗaya. Na'ima yanzu shekararta goma sha biyu, tana karatu da kai a karkace, kuma duk ajinsu ba mai kamo ta. Abin da ta sani shi ne ƙyanda ce ta ci idonta, don abin da muka faɗa mata ke nan, haka kowa ya sani. Malam Sodangi ya ce ƙananan baƙaƙe na wahalar da shi yanzu, saboda haka ita zan ba takardar nan ta kai masa Dingyaɗi ta karanta masa, ban kuwa gaya mata abin da ke ciki ba.

Na'ima, in kin kawo nan, to kin ji. Ba ƙyanda kaɗai ba ce. An faɗa wa ubanki da sauran lokaci, ya ƙi. Ki gaishe da Malam, ki dawo gida. Ina zaure ina jiranki, duk abin da za ki ce mini zan saurara.